Jariran da Ba a Auna Ba

Litinin, 3 ga wata

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Baba ya ce har yanzu kullum sai kin yi faɗa da matakalar asibitinku kafin ki hau ta. Ni lafiya lau, sai mura da na'urar sanyaya ofis ta saka mini, don teburina daidai ƙarƙashinta yake.

Na san za ki ce sai da buƙata ta taso na tuna da ke. Ba zan yi musu ba. Baba ya ce kunnenki ba ya shiri da waya, in ina son amsa mai kyau in rubuto takarda in ba direban motar haya mai zuwa wajenku. Ya kuma ce in tuna miki ke da shi kakanku ɗaya, wai don kada ki ƙi ni.

Wata huɗu ke nan da na fara aiki a ofishin da ke tattara alƙaluman ƙananan asibitoci. Aikina in zauna gaban kwamfuta in rubuta mata umarni, ita kuma ta yi lissafi. An ba ni rajistar haihuwa ta asibitoci bakwai, ta shekara goma, sai ga naku a ciki. Dalilin aikin shi ne motocin ɗaukar marasa lafiya huɗu suka rage masu tashi. Za a bar su a inda aka fi haifar jarirai 'yan ƙanana, waɗanda ba su kai kilo biyu da rabi ba, tunda su ake gudu da su babban asibiti. Motarku tana cikin lissafin.

To ga abin da ya ɗaure mini kai. A naku akwai haihuwa 4,120, amma guda 611 babu nauyi. Sunan uwa yana nan, rana tana nan, namiji ko mace yana nan, wajen nauyi kuwa fayau. Sauran asibitocin kowa da salonsa. Wasu sifili suke sawa in ba su auna ba, har na samu jarirai arba'in da iska ma ta fi su nauyi. Wani kuma 99 yake rubutawa, ranar farko kwamfuta ta ce mini matsakaicin jaririnsu kilo goma sha ɗaya ne, na ce lalle waɗannan da haƙoransu ake haifarsu. Duk na gano kansu, naku ne kawai ya gagare ni.

Don Allah Gwaggo, me ya sa ake barin gurbin?

'Yarki

Juma'a, 7 ga wata

Sarkin Tambaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso da tabon mai a jikinta. Ƙafa da sauƙi, matakalar ce dai ba ta da kunya. Ki ja teburin nan gefe ko ki sa rigar sanyi, ba a yin jarumta da mura. Ki ce wa ubanki ban manta da kakanmu ba, shi ne ya manta hanyar gidana.

Kina 'yar shekara shida kika tare ni a bakin ƙofa kika ce in gaya miki ina duhu yake tafiya in an kunna fitila. Ashe ba ki daina ba, aiki ma kika samu da shi.

Ɗari shida da sha ɗaya? A rajistata? Haba 'yata, ki sake ƙirgawa. Shekara ashirin da shida ina karɓar haihuwa a ɗakin nan, birona a ɗaure yake da zare a jikin rajista don kada ya bi wani gida. Akwai waɗanda na bari, ban ce babu ba, wannan magana ce ta daban. Amma ba su kai rabin abin da kika faɗa ba.

Ni ma bari in yi tawa tambayar, don abin ya tsaya mini a rai. Ita kwamfutar, in ta zo kan gurbi me take yi? Tsayawa take ta tambaya, ko tsallakewa take kamar mai tsallake kwata? Kuma in ta tsallake, yaron nan an haife shi ko ba a haife shi ba a wajenta? Ki yi mini bayani da Hausa, ba da yaren ofishinku ba.

Maganar mota kuwa ta hana ni sakat. Daga ƙofarmu zuwa babban asibiti awa ɗaya da rabi ne, in ba a yi ruwa ba. Ban gaya wa direbanmu ba tukuna, mutum ne mai saurin shiga damuwa.

Gwaggonki

Talata, 11 ga wata

Gwaggo,

Barka da aiki, ya gida? Na ja teburin, yanzu kuma rana ce take dukan ƙeyata. Mura dai ta tafi.

Na sake ƙirgawa har sau uku, 611 ne. Sai dai ki sani ba littafinki ne a gabana ba. Wani ne ya kwafe shi cikin kwamfuta kafin in zo, ni jadawalin kawai nake gani.

Tambayarki ta yi mini daɗi, don a ofis ba wanda yake tambaya. Hanya uku muke bi. Ta farko, a cire duk layin da yake da gurbi, a yi lissafi da sauran. A nan amsarki ita ce e, a wajen kwamfuta kamar ba a haife shi ba. Ta biyu, a haɗa nauyin duk waɗanda aka auna, a raba, a samu matsakaici, sai a zuba shi a kowane gurbi. Ta uku ta fi wayo. Kwamfuta za ta duba shekarun uwa, da haihuwarta ta nawa, da sauran abin da aka rubuta, ta nemo masu kama da ita, ta yi hasashen nauyin. Ba sau ɗaya take yi ba, sau ashirin ko fiye, don a ga yadda amsar take lilo. In ba ta lilo da yawa sai hankali ya kwanta.

Na gwada duka ukun, kusan amsa ɗaya suka ba ni. Cikin jarirai ɗari naku, huɗu ne kawai 'yan ƙanana. Sauran asibitocin suna da tara, wasu goma. Wato naku ne na ƙarshe, kuma in haka ta tsaya motar za ta tashi daga wajenku. Raina bai so ba, amma ba zan murɗe lissafi don ke Gwaggona ce ba, na san ke ma ba za ki so ba.

Wanda ya cika rajistar nan ya yi sakaci, kuma haka za a rubuta a rahoto, in ji Oganmu. Ranar Laraba ta sama zan miƙa. In akwai abin da ya kamata in sani, ki aiko kafin nan.

'Yarki

Alhamis, 20 ga wata

Gwaggo,

Lafiya kuwa? Sau biyu ina zuwa tasha, direban hayar ya rantse a hannunki ya sa takardata. Na kira Baba, ya ce ba wanda ya ce ba ki da lafiya.

Jiya na miƙa rahoton. Na roƙi Oga ya ƙara mini kwana uku, ya ce ofis ba ya jiran wasiƙar gwaggon kowa. Hanyar farko na bi, na cire layukan 611. Ya ma yaba, ya ce aiki ya yi tsaf, ni kuwa ko daɗin yabon ban ji ba.

In fushi kike da ni ki faɗa. Shirun nan ya fi mini zagi ciwo.

'Yarki

Lahadi, 23 ga wata

'Yata,

Lafiyata ƙalau, ƙafa ma ta yi kyau. Fushi na yi, ba zan ɓoye ba. Na karanta takardarki a tsaye tsakanin masu awo biyu, idona ya faɗa kan sakaci, ban ko kai ƙarshen layin ba na ninke ta na jefa cikin aljihun tebur. Na ce yarinyar da na share wa majina ce yau take ce mini mai sakaci. Na rubuta miki amsa mai zafi, na yaga. Sai da ta biyun ta zo na ɗauko ta farkon na sa tabarau, na ga ashe Oganku ne ya faɗa. Kunya ta kama ni ƙwarai. Kwana goma da wani abu na ɓata mana a banza, wannan laifina ne.

Hanyoyinku uku sun ba ni mamaki, na yi ta juya su a raina har a wajen wanke hannu. Wannan matsakaicin yaron da kuke zubawa ko'ina, wace ce uwarsa? Ni dai ban taɓa karɓar haihuwarsa ba. Ta ukun ta burge ni, don mu ma muna yin irinta, in na ga mace na ga cikinta ina iya cewa wannan zai kai kilo uku. Amma akwai abin da nake son ki duba. Masu kama da shi da kwamfutar take nemowa, ai duk cikin waɗanda aka auna take nemo su, ko ba haka ba?

Yanzu na gane inda ɗari shidanki suka fito. Ashe wanda ya kwafa bai san hannuna ba. Babbar nas da ta koya mini aiki ta ce kada in taɓa rubuta lambar da ban gani da idona a sikeli ba, amma in bar alamar dalili. Don haka alamu gare ni. In kin ga ɗan gajeren layi kamar sanda a kwance, sikeli ne ya lalace ko an are shi. In kin ga ɗigo, a gida aka haihu aka kawo shi bayan kwana uku ko huɗu, nauyin haihuwa ya riga ya wuce. Waɗannan ni ban ɗauke su gurbi ba, ai na rubuta abu.

Sai na ukun, wanda babu sanda babu ɗigo. Wannan ne na ce miki magana ce ta daban, kuma da ma tun ranar na faɗa. 'Yata, akwai jaririn da yake fitowa bai fi tafin hannuna biyu ba, bakwaini ko ƙasa da haka, jikinsa ya yi shuɗi, kukan ma sai kin kasa kunne. Irin wannan ba a ɗora shi kan ƙarfen sikeli mai sanyi. Naɗe shi ake a manna a ƙirjin uwarsa, in ba ta da ƙarfi a nawa, ina ƙwala wa direba kira tun daga ɗaki. Sai na dawo nake rubuta suna da rana. Wajen nauyi kuwa me zan sa? Hannuna ya ji shi, amma hannu ba sikeli ba ne. Ko alamar ma ba na iya sawa.

To kin ga, waɗanda kuke nema don ku bar mana mota su ne kika cire.

Na san Oganku ba zai karɓi maganar tsohuwa ba. Na gaya wa direbanmu komai, bayan ya gama salati ya shiga ɗakinsa ya fito da littattafai uku. Shekara goma sha huɗu yana rubuta kowace fita, rana da wanda ya ɗauka, ba wanda ya sa shi. Ga su nan na naɗe a leda. Ya ce a dawo masa da su yadda suke, ko kusurwa kada a lanƙwasa.

Gwaggonki

Juma'a, 28 ga wata

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. A tasha na karanta takardarki, har mai shara ya ce in ɗaga ƙafa ban ji ba.

Litinin na shiga ɗakin ajiya na sa aka sauko mini da kwalayen hotunan rajistarki. Ƙura har cikin hancina. Ga su nan kuwa ɓaro-ɓaro, sanda 260, ɗigo 148, fili 203. Na nemo wanda ya kwafa, yana nan a bene na ƙasa. Ya ce ya ga alamun, har ya yi ta mamakinsu, amma wajen da aka ba shi ya cika lamba kawai yake karɓa, sai ya wuce. Ban ga laifinsa ba. Kwalayen nan wata huɗu suna bayan ƙofar da nake wucewa kullum, ni ce ban buɗe ba.

Tambayarki daidai take. Cikin waɗanda aka auna take nemowa, shi ya sa duk hanyoyin suka ba ni amsa ɗaya, ni kuma na ɗauka gaskiya ce ta sa suka yarda da juna. Mun karanta wannan a makaranta, har na ci shi a jarrabawa, amma da ya zo gabana ban gane fuskarsa ba. Masu sanda ana iya cire su ba a yi ɓarna ba, don sikeli ba ya zaɓar wanda zai lalace a kansa. Masu ɗigo ana iya yi musu hasashe a hankali. Masu fili kuwa, dalilin rashin lambar shi ne ita lambar, babu dabarar da za ta cike su.

Talata na shiga wajen Oga na ce rahotona ba daidai ba ne. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Kin san na riga na tura shi sama da sa hannuna?" Na ce na sani. Ya ce, "Kin san har yanzu a gwaji kike?" Na ce na sani. Ya ce labari ba hujja ba ne. Sai na kwance ledar.

Kwana biyu muka yi ni da shi muna haɗa rana da rana, shi yana karanta littafin direba, ni ina duba jadawali. Mutumin da ya ce ofis ba ya jiran gwaggon kowa, sai ga shi yana tambaya ta wai shekarunki nawa. Cikin 203, guda 187 sun faɗa daidai ranar da direba ya rubuta jariri. In aka sa su a lissafi kuna kusa da tara cikin ɗari, ba huɗu ba.

Saura goma sha shida. Fili ne a rajista, amma babu fita a littafin direba. Oga ya ce ranar Alhamis za a zauna a yanke maganar motocin, kuma akwai waɗanda rahoton farko ya yi wa daɗi, a kan goma sha shidan nan za su tsaya su ce ashe filin ba ya nufin abin da muka ce. Na rubuta ranakun a bayan takardar nan. Mantuwa ce? Ko direba ne bai rubuta ba? Ko akwai alama ta huɗu da ban sani ba? Don Allah wannan karon kada ki yi shiru.

'Yarki

Litinin, 1 ga sabon wata

'Yata,

Lafiya lau muke. Kin yi abin da ya kamata a gaban Oganki, na ji daɗi har na karanta wa direba wurin sau biyu.

Na ga ranakun. Ban buɗe rajista ba, na san su. Ba mantuwa ba ce, direba kuma bai tsallake komai ba. Bai rubuta fita ba don ba a fita ba.

Tara na farko duba su da kyau, za ki ga duk cikin wata uku suke. Lokacin ne motar take wajen bakanike ana jiran wani ƙarfe da aka ce sai an kawo daga nesa. Huɗu kuma motar ta riga ta tafi da wani, kafin ta je ta dawo awa uku. Mun nemi babur, mun nemi motar kaya, wata rana mijin mai jegon ya tsaya tsakiyar titi yana ɗaga hannu. Cikin sha ukun nan biyu sun rayu, ɗaya ma tana aji huɗu yanzu, ta fi kowa surutu a layinsu. Sauran ukun motar tana nan, direba ya tayar da ita, ba mu kai bakin ƙofa ba.

Za ki ce bayan an gama ai da na auna, tunda babu sauran sauri. Na san ki, za ki tambaya. Ba a karɓe yaro daga hannun uwarsa a wannan lokacin a ce za a kai shi sikeli.

Waɗancan 187 ɗin kuwa mafi yawansu sun dawo. Suna zuwa allura, suna yi mini fitsari a riga.

Ki kai musu haka. Kada ki ƙara gishiri, kada ki rage. Abu ɗaya nake roƙo, kada ki bari kwamfutarki ta yi wa goma sha shidan nan hasashe. Ban auna su ba, ba kuma wanda zai auna su.

Gwaggonki

Alhamis, 4 ga wata

Gwaggo,

Ina fatan kina lafiya. Yanzu muka fito, a tsaye nake rubutu don in samu motar yamma.

Motarku tana nan. Kamar yadda Oga ya faɗa, wani ya ɗaga hannu ya ce to waɗannan sha shidan fa. Oga ya miƙo mini takardarki ya ce in karanta da kaina. Na karanta, da na kai wajen babur sai na miƙa masa, shi ya ƙarasa. Ba wanda ya sake ɗaga hannu. Littattafan direba suna cikin ledar nan, ki ce masa ya duba kusurwoyin.

Na gyara lissafin, na bar su fili yadda kika ce. Sai dai yanzu duk lokacin da na sa kwamfuta ta yi aikin, kafin ta ba ni amsa sai ta rubuto da jan rubutu cewa akwai layi goma sha shida da ba ta san nauyinsu ba. Abokiyar aikina ta leƙo ta ce jan rubutun nan yana ɓata allo, ta nuna mini umarni guda da zan sa ta daina faɗa. Na yi mata godiya. Ban sa ba.

'Yarki